Wasan Jika da Kaka a Gaban Kamara

Watannina na farko a Amurka a bakin taga na yi su. Gidan da mijina Nasiru ya kama mana a McLeansville yake, can bayan garin Greensboro, inda gidaje suke warwatse kamar sun yi faɗa da juna. Gaba fili, baya fili, sai titi. Shi kuwa tirela yake ja daga wannan jiha zuwa waccan, in ya fita sai na manta kamanninsa kafin ya dawo. In na gama 'yar shara da wanke-wanken da ba su taka kara sun karya ba, sai in ja kujera in zauna ina kallon motoci. Ba mai tafiya a ƙasa, ba mai sallama. Ni da aka sani a layinmu na Funtua da surutu, har ana ce mini rediyo mai jini, sai ga shi ina wuni ban buɗe baki ba sai in zan yi salla.

'Yan gida suna tambayata a waya ko ina kuka. Ban yi ba. Da farko dai na yi kewa, daga baya kewar ma ta gaji ta tafi. Abin da ya rage wani irin daskarewa ne, kamar ƙafar da aka daɗe a zaune a kanta. In an turo mini hoton biki in kalla in ajiye wayar. In an turo labarin rasuwa in yi addu'a in ajiye wayar.

A garin nan marar mota gurgu ne. Da na samu lasin tuƙi, wani mutumin ƙasarmu mai yawan "wallahi ƙanwata" ya sayar mana da wata tsohuwar mota, yana rantsuwa matarsa ce kaɗai ta taɓa hawanta. Ban sani ba ko yaƙi matar take zuwa da ita. A hanyar Pleasant Garden ta yi tari ta mutu, hayaƙi na tashi daga gabanta. Na fito na jingina da ita na kira mutumin, wayarsa a kashe. Ko haushi ban ji ba. Ina nan tsaye wata mota ta wuce ni, ta ci burki, ta dawo da baya. Wata dattijuwa ta sauke gilashi ta ƙare wa atamfata kallo.

"Yarinya, daga ina?" Da Hausa ta tambaya.

Anti Rifkatu ke nan, 'yar Kagoro, ma'aikaciyar jinya, ta daɗe a ƙasar. Ita ta kira masu jan mota suka kai ta gyara, ta kai ni gidanta ta ba ni tuwo, ta zauna tana kallona ina ci.

"Zaman gida zai kashe ki," ta ce. "Idonki ma ya fara mutuwa. Akwai kwas na kula da tsofaffi, ba ya daɗewa. Ki yi ki karɓi satifiket, ni zan nema miki wuri."

Wurin da ta sama mini senta ce ta wunin tsofaffi. Ba gidan kwana ba ne. Da safe 'ya'yansu ko motar senta ta kawo su, su karya, su motsa jiki, su buga karta, su yi gyangyaɗi, da yamma a mayar da kowa gidansa. Shugabar wurin, Mis Dorati, wata doguwar baƙar fata ce mai magana a hankali. Ranar da na fara ta zaunar da ni ta karanta mini haƙƙin tsofaffin. Tsoho yana da ikon ya ce ba zai ci ba. Ba a taɓa kayansa sai da izininsa. Ba a kiransa da sunan da bai zaɓa ba. Ba tsawa, ba gori, ba barazana, ko da wasa. Wanda ya ga alamar ana cutar da wani kuma ya yi shiru, shi ma mai laifi ne. Ma'aikacin da aka kama da cin zarafi, sunansa zai shiga rajistar jiha, ya gama aikin kula da mutane ke nan. Ta nuna mini kamarori a kusurwoyin falon. Na ce to. A zuciyata kuwa cewa nake, yau ni za a koya wa girmama tsoho, a ƙasar da ake kiran uba da sunansa?

Ban daɗe ba na janye wannan rainin. Akwai wata tsohuwar Baturiya, Mis Loreta, 'yar firit da ita, wadda ko hannu ka ɗaga za ka gyara mata wuyan riga sai ta runtse ido. Wata rana ta zubar da shayi a jikinta, na kai ta ta canja riga. A damtsenta akwai shatin yatsu, sababbi a kan tsofaffi. Ta riƙe hannuna tana cewa faɗuwa ta yi. Da a gida ne da na ce harkar cikin gida ce, a rufa wa baiwar Allah asiri. Na je na faɗa wa Mis Dorati, ita kuma ta kira ofishin kare manya na gunduma. Ashe ɗan cikinta ne da suke zaune tare. Aka mayar da ita wurin ƙanwarta. Kafin sanyi ya wuce ta yi kumatu, har tana cutar abokan kartarta. Tun daga nan ban sake yi wa dokar nan dariya ba.

Aikin dai ina yi, amma kamar wata ce take yi da hannuna. In yi murmushin da aka koya mana, in tura amalanken shayi, in goge tebur, in koma gida.

Sai aka kawo Baba Iro.

Tsohon tela ne daga Gwarzo. Matarsa ta rasu, ɗansa Injiniya Kabiru ya ɗauko shi don kada ya zauna shi kaɗai, sai ga shi nan ma kowa yana fita aiki. Kullum cikin jamfa mai guga yake zuwa, da hula zanna a karkace, da sanda. Yakan zauna kusa da ƙofa, ya ɗora hannu biyu a kan sandar, ba ya ce wa kowa uffan. Abinci in an ajiye haka za a ɗauke. Ma'aikata har sun fara cewa ƙwaƙwalwarsa ce take tafiya. Da aka ce mini Bahaushe ne na je na durƙusa na gaishe shi yadda ya kamata, Alhaji an wuni lafiya, ya baƙunta, ya sanyi. Ya gyaɗa kai, shi ke nan. Haka muka yi ta yi, ina gaisuwa yana gyaɗa kai, rigar tana ƙara yi masa yawa.

Wata rana na gaji. Na zo ɗaukar farantinsa na tarar ko cokali bai taɓa ba, sai kawai bakina ya suɓuce da abin da nake ce wa kakana Malam Barau tun ina 'yar mitsitsiya.

"Kai tsoho, ka ci ko in cinye. Wa kake yi wa yanga, baki ba haƙori?"

Ya ɗago a hankali. Ya dube ni tun daga ɗankwali har takalmi.

"Ci mana, mayunwaciya," ya ce. "Ji wuya kamar na jimina. Wane marar rabo ne ya kwashe ki?"

Na ce wanda ya fi shi kyau. Ya ce a kawo shi a gwada. Ya tambayi sunan ubana da na kakana, ya lissafa da yatsu, ya ce ashe ma jikarsa ce ni, don haka matarsa ce, in je in faɗa wa mijin nan nawa direba cewa mai gida ya iso. Yana magana yana ci, har ya share farantin bai sani ba. Ni kuwa na shiga kicin na ji kumatuna suna ciwo. Na daɗe ban yi dariyar da ta kai ciki ba.

Wanda ya tashi a gidan Hausa ya san wannan. Ɗa ba ya haɗa ido da ubansa, amma jika kan kakansa yake hawa. Ki ce masa ya tsufa, ya ce miki mummuna. Ki ce ya mutu ya ba mutane wuri, ya ce sai ya ga jikokinki. Ki fizge hularsa, ya bi ki da sanda. Duk wani so da kunya ta hana a faɗa a gidan, ta nan yake fita. Ba a koya wa kowa, tashi ake a gani.

Haka muka ɗore. Da safe in ya shigo zai ce, "Ina mummunar nan?" In ce, "Au, ka kwana? Na ɗauka yau za mu sha gumba." In ya ƙi shan ruwa in cire hular in ɗaga sama sai ya shanye. Ya fara ba ni labarin kekensa na ɗinki, da yadda yake gane yadin banza da ido, ya dubi rigar aikina ya ce wanda ya ɗinka ta Allah ya isa. Har karta ya shiga da su Mis Loreta, ba Turanci ba komai, yana cinye su. Sauran ma'aikata suna ganin muna dariya, ba su jin abin da muke faɗa, suna cewa na yi abin al'ajabi. Ni ma na fara jin yunwa, na fara kunna waƙa a mota. Ko sau ɗaya ban haɗa abin da muke yi da abin da Mis Dorati ta karanta mini ba. A kaina wancan na masu cutar tsofaffi ne, wannan kuwa kakana ne.

Ranar da abin ya faru, jikarsa ta gaskiya ce ta zo ɗaukarsa da wuri za ta kai shi ganin likita. Amira, 'yar Injiniya Kabiru, 'yar jami'a, a nan aka haife ta. Hausarta irin ta yaran nan ce, tana ji sarai amma da Turanci take mayarwa. Ban ga shigowarta ba. Ina tsaye a kan Baba da kofin ruwa a hannu ɗaya, hularsa a ɗaya, na ɗaga ta sama.

"Ka sha ko in jefa ta a shara. Tsoho mai ran ƙarfe, ka ƙi mutuwa ka bar mu mu sarara."

"Ja'ira, kawo hulata!" Ya ɗaga sanda.

Na juya sai na gan ta a bakin ƙofa, hannu a baki, idonta ya cika. Ba ta yi kuskuren ji ba, kowace kalma ta ji ta daidai. Ta zo ta karɓe hular daga hannuna, ta sa masa, ta rungume shi tana ba shi haƙuri da Turanci. Baba yana cewa, "Ke, mene ne? Wasa ne fa." Ba ta saurare shi ba, ai Mis Loreta ma faɗuwa ta ce ta yi. Ta wuce ofis kai tsaye.

Kafin la'asar an ce in ajiye katin aikina in tafi gida sai an gama bincike. Na tuƙa mota na koma McLeansville, na kwanta da rigar aiki. Ba zan ce na ji tsoro ba. Na san in sunana ya shiga rajista na koma zaman gida, na kuma san Baba zai koma bakin ƙofa, amma sanin a kai ya tsaya, bai sauko ƙirji ba. Anti Rifkatu ta zo da miya a kula, ta ji labarin, ta dafe kai.

"Ke ma dai! Ni da kakata har zani nake kwance mata. Amma nan? A gaban kamara? Kin ga, in sun kira ki, kada ki yi ƙarya, kada ki yi dogon bayani. Ki faɗi abin da ya faru."

Jami'ar da ta zo daga gunduma ba ta da zafi. Ta sa tafinta a waya don kada Turancina ya cuce ni, sannan ta kunna mini hoton kamara. Ba murya. Na ga wata mata cikin rigar aiki ta tsaya a kan wani tsoho, ta fizge masa hula, tana magana tana nuna shi da baki, shi kuma yana miƙa hannu bai kai ba, har ya ɗaga sanda. Ta nuna mini na wata ranar, da na wata. Wallahi da wata ce a hoton nan, da ni da kaina zan kai rahotonta.

"Kin ce masa ya mutu?"

"Na ce."

"Kina so ya mutu?"

Na ce a'a. Na yi mata bayanin jika da kaka iya yadda zan iya, ina jin tafintan yana juyawa, maganar tana fita daga bakinsa a bushe kamar ba tawa ba. Ta rubuta. Sai ta ce an gaya mata yana kirana matarsa, ko hakan yana damuna, don ni ma ina da haƙƙin kai ƙara. Na so in yi dariya, dariyar ba ta zo ba.

Injiniya Kabiru ya kira ni daga baya. Ya ce an yi wa Baba tambayoyi shi kaɗai, da tafinta, kuma Baba ya ce a rubuta shi ne ya fara, in akwai wanda za a kama shi ne. Har ya tambayi jami'ar ko ba ta da kaka.

"Ki yi haƙuri, ƙanwata," ya ce. "Amira tun da na yi mata bayani take kuka, ta ce za ta janye, an ce mata ba a janye irin wannan. Laifina ne. Na koya mata ta durƙusa ta gaishe shi. Ban taɓa koya mata ta tsokane shi ba."

Na ce ba komai. Ban ji haushin yarinyar ba ko kaɗan. Kakanta ta gani ana wulaƙantawa, ta tsaya masa.

Bincike ya ƙare, aka ce ba a sami cin zarafi ba, sunana bai shiga ko'ina ba. Mis Dorati ta kira ni ofis ta miƙo mini katina, amma ba ta sake shi nan da nan ba.

"Na yarda da ke," ta ce. "Na ga yadda ya koma cin abinci. Amma ba za ki sake taɓa hularsa ba, ba za ki sake yi masa irin maganar nan ba. Ki yi masa Hausa, ki gaishe shi, ki tambaye shi abin da yake buƙata. Nan ne iyaka."

"In shi ya ba ni izini fa?"

"Da an tambayi Mis Loreta a gaban ɗanta, cewa za ta yi ta ba shi izini. Kamara ba ta san jika da kaka ba. In na bar ki yau, gobe wata za ta fizge wa wani hula da mugunta ta ce wasa ne, da me zan kama ta? Akwai kuma tsofaffi a falon nan da suke ganin ana ƙwace wa mutum abu suna firgita. In kika sake, ko sau ɗaya, ba ni da yadda zan yi."

Na tambaya ko zan iya zuwa gidansu ranar hutu. Ta ce ma'aikaci ba ya bin su gida, wannan ma don kare su ne. Na nemi inda ta yi kuskure a duk maganarta ban samu ba. Na karɓi katin.

Da safen da na koma, yana nan kusa da ƙofa, ya rame. Yana hango ni fuskarsa ta buɗe.

"Ga mummunar nan! Ina kika shiga? Na ce ko direban ne ya kulle ki don kishi."

Amsar tana bakina, har da ta biyu da ta uku. Na ajiye amalanken shayi, na durƙusa.

"Ina kwana, Alhaji. An tashi lafiya?"

Ya tsaya yana kallona, bakinsa a ɗan buɗe. A gida in jika ta yi wa kakanta irin wannan gaisuwar, to fushi take, ko an yi mata wani abu.

"Me na yi miki?" ya ce.

"Ba komai, Alhaji. Doka ce, an yi maka bayani. In kawo shayi ko ruwan zafi?"

An yi masa bayanin kuwa. Ɗansa ya yi, ni ma na sake yi a gaban Mis Dorati. Ya ce ya ji. Washegari ya sake gwadawa, a hankali, kamar mai raɗa. Ya ce rigata ta yi kama da buhun gero. Na ce na gode, Alhaji. Wata ranar ya ce ya yi mafarki na yi ƙiba. Na ce Allah ya sa alheri. Wata ranar ya ƙi shan ruwa, ya tura kofin gefe yana satar kallona, yana jira. Na ce masa yana da ikon ya ƙi, zan dawo anjima in sake tambaya. Na ɗauke kofin. Kullum yana jefo tsokana ina bari ta faɗi ƙasa, kuma jifan yana raguwa. Ya daina zuwa teburin karta. Farantinsa ya fara dawowa da rabi.

Ran nan da safe na zo na durƙusa kamar kullum.

"Ina kwana, Alhaji. An tashi lafiya?"

Bai yi jinkiri ba. Ya gyara zama, ya ɗora hannu biyu a kan sandarsa, ya sunkuyar da kai kaɗan yadda ake yi wa ma'aikaciyar asibiti.

"Lafiya lau, malama," ya ce. "Sannu da aiki. Allah ya ba da lada."

Duk zamana a ƙasar nan ba abin da ya ratsa ni sai wannan malamar. Ta shige ni har ƙashi, na ji zafinta sarai. Na ce amin, na miƙe, na tura amalanken zuwa tebur na gaba, don shayin mutane yana hucewa.